Tayoyin Barkono

Samaru, Zariya
6 ga Yuli

Zuwa ga maigidana, Baban Peace,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka da sauƙi fiye da yadda na bar ka. Yaya jikin? Yaya hannun da ƙafar, suna dai jin gashin da ake yi musu? Yaya kake fama da sanyin Jos? Ina gaida Peace da mijinta Nelson, Allah ya saka musu da alheri. Ni ina nan lafiya, sai dai kewa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani na waya. Gajiya na yi. Duk sanda Peace ta kara maka wayar a kunne, ni kaɗai nake ta zuba, abin da nake ji daga wajenka numfashi ne kawai, sai in rasa abin faɗa in ɓuge da zancen tsadar tumatir. Idan na kashe kuma in zauna ina jin haushin kaina. Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta ɗauke maka magana a watan Fabrairu ban saba da shirunka ba, kuma ba na jin zan saba. A takarda ko ba komai ba na tsayawa jiran amsa. Zan riƙa ba direban Jos a tasha ya kawo. Peace, na san ke ce mai karantawa. Ki karanta wa babanki duka, har da inda na taɓa ki, kada ki tsallake.

Na koma makaranta tun da hutun jinyar da suka ba ni ya ƙare. Da safe ba laifi, hayaniyar 'yan aji huɗu tana cika mini kai. Bayan an tashi ne gidan yake yi mini girma. Har yau tuwon mutum biyu nake tuƙawa, hannuna ya ƙi koyon sabon awo, ragowar sai in miƙa wa maƙwabciyarmu Happiness ta katanga. Ta daina ma tambayata dalili.

Maganar Barkono ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna dariyar da mutanen coci suka yi ranar da ka shigo da ita, wai mutum ya yi ritaya daga gyaran jirgin sama ya rasa abin saye sai 'yar jar mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, motar samari? Ni ma na yi dariyar, ban ɓoye maka ba. To ga shi yau ni ce nake yaye mata tamfol duk Asabar in tayar da ita ta ɗan yi ɗumi, kamar yadda kake yi. Jiya da na yaye sai na ga ta karkace. Tayar baya ta hagu ta sace gaba ɗaya. Na durƙusa na duba sauran, gefensu duk ya yi faso irin na dunduniyar tsohuwa. Sai na tuna cewa a makon da ka faɗi ka ce mini Asabar za ka shiga Sabon Gari ka canza su duka. Na daɗe durƙushe a wurin.

Na san Peace ta yi maka zancen shawararta, don ni ma ta yi mini. A sayar da motar, a sa haya a gidan, idan na yi ritaya baɗi in tattara in koma Jos mu zauna a ɗakin bayansu. Ban ce ba ta da gaskiya ba. Nas ce, ta fi ni sanin ciwo, kuma ita ke ɗaga ka tana kwantarwa. Amma ranar da aka sa ka a motar Nelson na sunkuya na ce maka a cikin Barkono zan zo in mayar da kai gidanka. Ka lumshe ido. Peace ta ce gajiya ce, ni kuwa na ɗauka amsa ce.

Don haka zan sa mata sababbin tayoyi. Ban san komai a kai ba, amma zan je.

Ka ci abinci ko ba ka so. Ina sa ka cikin addu'a safe da yamma.

Matarka,
Lucia


Samaru, Zariya
15 ga Yuli

Maigidana, Baban Peace,

Salama da alherin Ubangiji su kasance tare da kai. Ina fatan jiki yana ƙara sauƙi, kuma kana barci sosai. Peace ta ce ka fara riƙe cokali da hagu. Mun gode Allah. Fada, limamin cocinmu, ya ambaci sunanka a sujadar Mas ranar Lahadi, matan Zumunta kuma sun ce in gaishe ka da kyau.

Na je Sabon Gari ranar Asabar. Na hau bas daga Samaru na sauka Kwangila, na ɗauki keke zuwa shagon Ejiofor, mai tayarka. Da ya gan ni ni kaɗai sai ya leƙa bayana yana neman ka. Ashe bai ji ba. Da na gaya masa ya cire hula ya zauna a kan wata taya, sannan ya aika aka sayo mini lemo. Ya ce bai taɓa samun mai saye da ya fi ka wahalar da shi ba, kuma ba wanda yake jin daɗin gani kamarka. Na ce masa mu biyu ke nan.

Ya tambaye ni lambar taya, ya ɗauka zan ciro takarda. Sai na ji bakina ya ce ɗari biyu da biyar, arba'in da biyar, sha bakwai. Ni kaina na yi mamaki. Ya fara jawo mini 'yan Beljiyam, wato na hannu, baƙaƙe wul, zanensu da zurfi har yatsa yana nutsewa, ga araha. Har na ji sun kwanta mini. Sai na tuna faɗan da kake yi a teburin cin abinci a kan tayoyin ƙasar ƙanƙara, waɗanda ake kwaso mana su zo su yi laushi a kwaltarmu mai zafi su fashe da mutane. Na sa tabarau na bi gefen tayar da yatsa, sai ga shi kuwa, ɗan hoton dutse da alamar ƙanƙara a ciki. Na nuna masa. Ya kwashe da dariya ya ce Oga Injiniya yana kwance amma ya aiko da ɗan sanda. Daga nan na ce ya nuna mini lambobi huɗun nan masu faɗin mako da shekarar da aka ƙera taya, don kada a ba ni tsohuwa da sunan sabuwa. Sebastian, shekara da shekaru ina ce maka ka dame ni da surutun taya ina tsince shinkafa. Ashe ina ji.

Daga ƙarshe iri biyu suka rage, duka sababbi fil. Ɗaya irin naka ce: gefenta siriri, robarta mai taushi, zanenta ya tafi a karkace daga tsakiya kamar sawun kaza. Ita ce ke kama kwalta a kwana, ita ke watsar da ruwa gefe idan ana tafka shi. Amma ka fi ni sani, duk ramin da ta faɗa sai mutum ya ji shi a ƙashin bayansa, kuma ba ta daɗewa take suɗewa. Ɗayar kuwa mai kaurin gefe ce, ta talakawa, tana haɗiye rami tana daɗewa, ba ta dai son gudu da kwana.

Ejiofor ya rage murya, da Hausarsa mai haɗe da Turancin kasuwa, ya ce in ɗauki mai kaurin. Ya ce hanyar Pambeguwa zuwa Saminaka ba ta da kyau da daminar nan, ga Oga ba lafiya, kuma gaskiya zamanin gudun Oga ya wuce. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma sai na ajiye lemon. Na ce masa zan dawo.

Ga abin da ya hana ni sukuni tun ranar. Idan na sa mai kauri, bayanka zai huta a hanya. Amma na san ka. Kafin ka dubi fuskata tayoyin za ka duba, kuma kana ganinsu za ka gane na mayar da Barkono motar ɗaukar majinyaci, na yanke maka hukunci ke nan ba tare da na tambaye ka ba. Idan kuma na sa irin naka, ƙila in wahalar da jikinka saboda taurin kaina kawai. Duk rayuwarmu kai ke zaɓen irin waɗannan abubuwa ni ina ƙorafi. Ban san ƙorafin ya fi sauƙi ba sai yanzu.

Ka taimake ni. Peace, idan kin zo nan ki dakata, ki sa hannunki a hannunsa na hagu. Baban Peace, idan irin naka kake so ka matsa sau ɗaya, idan mai kauri ce sau biyu. Duk wadda ka ce ita zan sa, ba musu.

Ina jiran amsarka. Allah ya ƙara sauƙi.

Taka,
Lucia


Samaru, Zariya
24 ga Yuli

Baban Peace,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya gwargwadon hali, kai da mutanen gidan duka. Nan ruwa ake ta yi, masarar bayan gida ta fitar da goyo.

Peace ta kira ta ce ta yi yadda na ce. Ta sa hannunta a naka ta jira, kai kuma ka juya kana kallon taga, ba ka matsa ko sau ɗaya ba. Ta ƙara da cewa likita ya ce duk yadda shirun ya ƙara tsawo, haka sa ran dawowar magana yake raguwa, don haka in daina wahalar da kaina da zancen taya. Ba ta faɗa da rashin kunya ba, kuka ma take yi. Na ce mata na ji.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi da kai. Tambaya guda na yi maka. Na wuni ban ci abinci ba, na ce to shi ke nan, a sayar, kowa ya huta.

Ranar Lahadi da aka tashi Mas na tako gida da ƙafa. Ka san lokacin nan ne muke fita, ka ce in bar kwanuka su jira, mu miƙa hanyar Shika har Giwa, ka sayi gasasshiyar masara ka ci rabi ka ba ni rabi. Idan mun zo kwanar nan mai gangara sai ka ƙi taka birki don ka ji na kira sunan Yesu, ka yi ta dariya kana cewa tayar ta san aikinta. Na zauna a baranda da kayan cocina ban cire ba. Happiness da iyalinta sun tafi biki Muchiya, layin tsit, ko kaza ba ta wuce ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko ranar da aka tafi da kai. A nan na gane ba don ka ƙi amsawa nake fushi ba, tsoro nake ji kada ya zama ba ka ma fahimci tambayar ba.

Litinin bayan an tashi makaranta na kira mai facin bakin titi ya ɗura wa tayoyin iska, na lallaɓa da Barkono har Sabon Gari, 'yan acaɓa suna ta danna mini hon. Na sayi irin naka, huɗu. Kada ka tambaye ni kuɗin. Ban san ko za ka sake riƙe sitiyari ba, Sebastian, Allah kaɗai ya sani. Amma ba ni ce zan fara cewa ba za ka riƙe ba. Ramukan hanya kuwa zan bi su ɗaya bayan ɗaya a giya ta ɗaya, ko da za mu wuni.

Ejiofor yana ba ni tayoyin aka kira shi ya tafi karɓar kaya, sai mai facin da ke gefen shagonsa ya ɗaura mini. Na hana shi cika iska har ta yi tauri irin yadda suke yi, na ciro gejinka na awon iska daga aljihun mota na ce da shi za a auna. Ya dube ni ya dubi gejin, ya yi yadda na ce.

Daga nan ban iya komawa gida ba, na miƙa hanyar Shika. Ka san kai dogo ne, kuma ban taɓa kujerarka ba, tana nan inda ka bar ta. Matashin kai biyu nake jibgawa a bayana in riƙa taka kuloci da yatsun ƙafa. Motar tana tafiya lau, sitiyari yana bin hannu kamar ya san abin da nake nufi kafin in juya. Na ce ashe abin da kake ji ke nan kake hana ni. Na waiwaya in gaya maka, sai na ga kujerata ce babu kowa. Ban taɓa ganin ta daga nan ɓangaren ba. Na tsaya wajen mai masara na sayi ɗaya, na ci rabi, rabin yana nan a kicin.

Na ɗauki hoton kowace taya na tura wa Peace a waya. Peace, ki nuna masa, ko da taga zai ci gaba da kallo.

Ina kewarka ƙwarai. Ubangiji ya riƙe ka.

Matarka,
Lucia


Samaru, Zariya
30 ga Yuli

Maigidana Sebastian,

Gaisuwa da godiya ga Allah wanda bai manta da mu ba. Yaya ƙarfin jiki? Yaya kuma maƙogwaro, tunda na ji an fara aiki da shi?

Ina ofishin malamai ina cika sakamakon jarrabawa Peace ta kira. Da na ɗauka sai na ji kuka take yi, ba ta iya haɗa magana. Da ƙyar na gane. Ta ce sai jiya ta samu zama ta nuna maka hotunan. Na farko da na biyu ka kalla ba ka motsa ba. Da ta zo na uku sai ka fizge wayar da hagu, ka kawo ta kusa da ido, ka shiga buga katifa da ita. Ta ɗauka ciwon ne ya dawo, har ta ƙwala wa Nelson kira. Ta ce fuskarka ta haɗa gumi, bakinka yana ta kokawa, sai kawai ka ce, "Juya." Ka huta, ka sake cewa, "Juya ta."

Peace ba ta gane me za a juya ba. Ni kuwa na bar takardun a tebur na fita da waya a kunne zuwa gindin darbejiya inda na ajiye Barkono. Na durƙusa a cikin taɓo da zanen makarantata. A gefen kowace taya akwai 'yar kibiya. Ta ɓangaren direba kibiyoyin suna kallon gaba, ta ɓangarena kuwa duka biyun baya suke kallo. Sai a lokacin na tuna ka sha faɗa cewa irin wannan taya hanya ɗaya take juyawa, idan aka ɗaura ta a baibai maimakon ta watsar da ruwa sai ta tara shi a ƙarƙashinta. Na kula da ƙanƙara, na kula da shekara, na kula da iska, na manta da kibiya. Kuma da su nake shirin hawa hanyar Jos a tsakiyar damina.

Na koma Sabon Gari a ranar. Ashe mai facin ya saba ne da ɗaura taya huɗu fuska ɗaya, gefen da ya fi kyan rubutu a waje, haka yake yi wa kowa. Ejiofor ya hau shi da faɗa har mutane suka fara taruwa. Na ce ya ƙyale shi. Na kama hannun mutumin, baƙi ƙirin da shi, na yi ta yi masa godiya, shi kuwa yana kallona yana tunanin ko matar nan ta taɓu. Ya cire biyun ya juya su a gabana, na bi kibiyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya kafin na biya shi.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ke raina. Na yi kukan murna har malamai suka fito suna tambaya ko rasuwa aka yi. Bayan na dawo gida kuma na yi na haushi. Tun Fabrairu nake durƙusa ina roƙon Allah ya buɗe bakinka. Na sha zama ina tunanin me za ka fara cewa, kuma ban taɓa shakkar sunana ne ba. Sai ga shi taya ka yi wa magana. Kuma ba na wurin. Peace ta ji, Nelson ya ji, ni da na fi kowa jira labari aka ba ni a waya. Wannan ya yi mini ciwo, kuma zai daɗe yana yi. Amma na san wanda ya hango kibiya a baibai a cikin ɗan hoton waya mijina ne, yana nan bai tafi ko'ina ba, kuma ya san wadda ke tuƙa motar.

Peace ta ce likita ya ce kada mu yi gaggawar murna, ƙila wasu kalmomin su biyo baya, ƙila su daɗe. Na ji. Amma ta yarda ka zo gida ka yi hutun makarantar nan tare da ni, a ci gaba da gashin a asibitin Shika, mu ga abin da Allah zai yi. Maganar sayar da mota ba ta sake tayarwa ba. Peace, na gode, 'yata. Ki haɗa masa magungunansa da rigar sanyin nan mai ruwan toka.

Asabar zan taso da sassafe. Na wanke Barkono, na shimfiɗa bargo mai laushi a kujerata, don a nan za ka zauna. Gejinka yana aljihun mota, kafin mu juyo kai za ka duba iskar, ni in riƙe maka.

Saura abu ɗaya. Na gwada na ga ba zan iya kaiwa Jos ina taka kuloci da yatsun ƙafa ba. Yau da rana na cire matasan kan, na sa hannu a ƙarƙashin kujerarka na ja ƙarfen. Ta ƙi motsi da farko, sai da na sa ƙarfi. Na matsar da ita gaba sosai, daidai tsawona. Na san ba ka yarda kowa ya taɓa maka kujera. Idan ba ka so, ga ni nan zuwa, sai ka faɗa mini da bakinka.

Allah ya kai mu Asabar lafiya.

Matarka mai ƙaunarka,
Lucia